Abin Da Mama Ta Faɗa A Waya

Zuwa ga ƙanena, Autan Mama,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya sa albarka a aikin hannunka. Mu ma muna nan ƙalau. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi, har ya koma zuwa Misa da sandarsa, yana ta faɗa da mawaƙan coci wai sun cika jan murya. Goggo ta gode da hoton 'yan biyu, ta ce mai kukan nan kai ya ɗauko sak. An yi wa Mama Misa ranar da ta cika wata uku da rasuwa, kowa yana tambayarka.

Ranar Asabar na je furta zunubi, karo na farko tun da Mama ta kwanta. Da na gama, Fada, limamin cocinmu, ya ce tuban da babu gyara a cikinsa bai cika ba, ya shawarce ni in gaya maka gaskiya da kaina. To, ga ta.

Ka san shekara biyu da wata huɗu Mama ta yi a kwance bayan ɓarin jikinta ya shanye. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda kwanakin suke. Na kwaso keken ɗinkina daga shago na dasa shi tsakanin gadonta da taga, ina ɗinki ina sauraron numfashinta. Ni ke juya ta, ni ke wanke gyambon bayanta, ni ke ba ta abinci cokali cokali tana tofo mini. Ƙarfe shida na yamma in rufe keke, in kunna kyandir a gaban ɗan mutum-mutumin Uwa Maryamu mai gutsurarren hanci, in saƙala mata rosari, carbin addu'armu, a hannun hagu. Ina jan addu'a, tana amsawa da gurnani. Kafin kowace ƙwaya goma ta rosarin takan faɗi wanda take roƙa wa. Harshenta ya yi nauyi, ruwa ma ba ta iya kiransa daidai, amma kalma ɗaya tana fita tas: Auta. Sau biyar kowace yamma. Wata rana na tambaye ta cikin wasa ko ni ba a roƙa mini ne. Ta ce ai ni ina nan, me na rasa?

Da can na ɗauka addu'a tana tausasa zuciya. Ni dai a gwiwoyina na koyi ƙiyayya. Ina jan ƙwayoyin rosari ina ƙirga sunanka, kamar mai ƙirga bulalar da ake zuba masa. Idan muka zo inda ake roƙon gafara gwargwadon yadda muke gafarta wa wasu, sai in yi tari in wuce.

Ka tuna ranar da ka buga waya bayan likita ya zo? Na kara mata wayar a kunne, ta yi ta magana tana kuka, ba ka fahimci komai ba, ka ce in fassara maka. Na ce maka ta ce kada ka damu, ta samu sauƙi, ka bari sai lokacin hutunka. Ba haka ta ce ba. Cewa ta yi ka zo, tana so ta ɗora hannu a kanka, kuma maganar barin makarantar koyon aikin Fada da ka yi ta wuce, ta yafe maka tuntuni, ita ce ma ke neman gafararka kan abin da ta gaya maka ranar da ka tafi. Kai kuma ka ce ko gobe take so za ka taso. Kunnenta ya riga ya yi nauyi, sai ta kalle ni. Na ce mata ka ce aiki ya yi maka yawa.

Ba ta ƙara kuka ba. Da Fada ya zo ya shafe ta da mai, ta sa shi ya yi maka addu'a, wai Allah ya rage maka aiki. Tun daga ranar ba ta ƙara barin a rufe ƙofar ɗakin ba, idonta yana kan ƙofar kullum. Na zaci yanzu kam za ta juyo ta ga wadda ke tsaye a kanta. Har ta cika ba ta juyo ba.

Fada ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce masa na ji zafin ɓata wa Allah rai, kuma gaskiya ne. Kai kam, na duba zuciyata sosai, ban sami tausayinka a ciki ba. Watakila zai zo, ina roƙo. Amma ranar Lahadi zan shiga layi in karɓi Jibin Ubangiji da zuciya sakayau, don na sauke abin da aka ce in sauke. Kada ka lallashi kanka da cewa ko ka taso ba za ka riske ta ba. Kwana goma sha ɗaya ta yi bayan wayar nan. Tafiyarka kwana biyu ce.

Ka gaida mini matarka, ka ce na gode da mayafin da ta aiko. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Kawu da Goggo suna gaishe ka, su ba su san komai ba, kullum suna yabon haƙurina. In ka ga dama ka gaya musu, sai mu ga wanda za su yarda da shi.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai.

Ni ce,
Yayarka.