Zaitun a Zauren Malam Isiyaku

Laraba da dare, Limawa, 1998

Mutanenmu sun ɗauka naman alade kawai ake ci a Italiya. Shi ya sa Malam Isiyaku ya hana ɗansa Nura, ɗalibina, tafiya karatun noma can.

Na same shi a zaure, na ba shi labarin tsohuwar da ta sauke ni lokacin da na je kwas Italiya, a ƙauyenta bisa tudu. Da hannu take murza taliya, ta zuba man zaitun na bishiyar ƙofar gidanta. Har yau ina jin ƙanshin.

Malam ya ajiye carbi. "Zaitun ɗin da muke rubutawa a allo? Ka taɓa shi?"

"Har tsinka na yi, Allah gafarta Malam."

Sai Malam ya ce, "To, Nura ma ya je ya tsinka. Ya taho min da ganyensa."