Shanunka Suna Hanyar Kutonu, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa da ban girma daga ɗanka Sale, dillalin shanu a Zangon Kutonu. Na san inda kake wasiƙa ba ta zuwa, amma ba ni da wanda zan kai wa kukan nan sai kai.

Baba, an rufe daji. Gandun da kake kai mu kiwo da rani hukuma ta shata masa iyaka, ko ɗan maraƙi ba ya shiga. Ban ce ba su da hujja ba, don da idona nake ganin gumagumai a kan manyan motocin kamiyo suna wucewa tashar jiragen ruwa. Amma masu zarto suka yi ɓarna, makiyayi ke ɗanɗana kuɗarsa.

Ina tuna ka a kan madobiya da adda, shanu sun taru a ƙasa suna jiran ganye. Rassan gefe kawai kake sara. Kana cewa, "A bar mata kanta, baɗi ma za mu dawo."

Malaman daji sun zo ruga da irin ciyawa, suka koya wa Yaya Iro yadda ake shuka ta a busar a ajiye. Ya karɓa hannu biyu, shi da ko gero bai taɓa shukawa ba. Sai dai ciyawar tana jiran damina, yunwa kuwa ba ta jira.

Jiya Yaya Iro ya bugo waya yana kuka. Ya ce da wutsiya ake tayar da shanunka yanzu, wasu ma sun daina tashi. Waɗanda ke iya tsayuwa ya loda su a mota, suna hanya zuwa wurina, har da jikokin farar saniyar da kake kira Amarya.

Na sayar wa mahauta shanun mutane ba iyaka, Baba, bakina bai taɓa rawa ba. Wallahi yau tsoro nake ji. Gobe mahauci zai latsa haƙarƙarinsu ya taya a wulaƙance, kuma dole in sallama, domin in na ce albarka a hannuna za su mutu.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin tsayawa a kasuwa har a ja ta ƙarshe. Ka yafe mana, Baba, mun kasa riƙe maka su.

Ɗanka,
Sale