Rairayin Hanyar Gangara

Gazawa, daren Laraba

Alhamdu lillahi, mun dawo gida da ƙafafunmu.

Da hantsi ni da Inna muka hau kamyon gyaɗa za mu Gangara. Ta so hawa saman buhuna ta sha iska, na matsa mata ta zauna ƙasa ta jingina bayanta da kan motar. Ta yi ta mita: "Tun da aka samu mulkin kai, kowane ɗan lakol da ya yi boko ya zama kumandan."

A wani gangare birki ya ƙi kamawa, ga gawo a gabanmu. Direba ya karkata ya tura motar cikin rairayi, ta yi ta nutsewa har ta tsaya. Wani da ke tsaye ya wuce ta kanmu ya faɗa gona, kafaɗarshi ta goce. Mota ta tsaya, jikinshi bai tsaya ba. Da itacen muka daka, tsayawa ɗaya tak, da ban san wanda zai tashi ba.

Inna ko ƙwarzane. Ta kwance bakin zane ta miƙa ma direba goronta duka, ta ce, "Ɗana, Allah ya yi ma albarka." Sai ya zauna ƙasa yana kuka.

Ni sai da Inna ta yi barci nawa kukan ya zo.