Ƙodar Ɗana Tana Jikin Shugaban Mawaƙa

Malama, ki taimake ni, wata magana ce ta cika mini ciki, in ban fitar da ita ba sai ta fasa ni. Mijina ya rasu, ɗa ɗaya Allah ya bar mini, mai gyaran famfo ne. Ba shi da yawan magana, ubansa ya gado. Tun yana ƙarami yake son waƙar coci, har ya shiga ƙungiyar mawaƙa. Wata rana wajen gwaji shugabansu ya tsayar da waƙa, ya nuna shi a gaban kowa, ya ce muryarsa ce ke ɓata musu aiki, ya umarce shi ya koma cikin jama'a ya zauna. Ɗana ya dawo gida ya ninke rigar mawaƙa ya sa a ƙasan akwati. Ni kuwa tun daga ranar, gaisuwar mutumin nan da ƙyar nake amsawa.

Bara sai ƙodojin shugaban suka lalace. Aka yi ta addu'a, aka gwada danginsa, ba wanda ya dace. Ashe ɗana ya lallaɓa asibiti an gwada shi, sai da aka sa ranar aiki sannan ya faɗa mini. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce duk duniya a rasa wanda za a ba sai wannan? Amsar da ya ba ni ita ce, wanda ya mutu dominsa a kan gicciye bai tsaya ya saurari muryarsa tukuna ba.

An yi aikin, dukansu sun tashi, Yesu ya yi mana alheri. Amma jama'a sun ɗauka wani ɗan'uwa ne daga nesa ya bayar. Har wata a zumuntar mata ta ce mini wai ɗana ya yi sanyi, an daɗe ba a gan shi a sujada ba. Yana kwance da ɗinki a ciki fa! Makon jiya fasto yana wa'azi a kan fansa, ya tambaya wane ne a cikinmu zai ba da jikinsa domin wanda ya ƙi shi. Hannuna da kansa ya fara tashi, sai da na danne shi da jaka.

Lahadi mai zuwa shugaban zai dawo coci ya yi godiya, kuma akwai lokacin ba da shaida. Na riga na goge zanena. Amma ɗana ya ce in na buɗe baki, ƙafarsa ba za ta sake taka cocin nan ba, kuma na san shi, ba ya magana biyu. Malama, wannan ba bishara ba ce? Ni na haife shi, ina alfahari da shi, laifi ne a sani?

Uwar Mai Famfo

Mama, alfaharinki ba laifi ba ne. Ni da ban haife shi ba, sai da na ajiye wasiƙarki na share hawaye. Gaskiyarki ne kuma, labari irin wannan yakan taɓa zuciya inda dogon wa'azi bai kai ba.

Amma ki dubi abu biyu. Na farko, shaidar ba taki ba ce. Jikin ɗanki aka yanka, shi ke da ikon faɗa ko yin shiru. Na biyu, ki tuna da shugaban. Ranar da kika faɗa, duk lokacin da ya ɗaga hannu zai ba da waƙa, jama'a ba shi za su gani ba, mutumin da ya kori yaro kuma yaron ya cece shi za su gani. Ɗanki ya san zafin a nuna mutum a gaban kowa, shi ya sa ba ya so a yi wa wani. Kyauta ya yi, kada ki mayar masa da ita ramuwa. Ki kuma tambayi zuciyarki tsakani da Allah, ko a cikin shaidar nan akwai ɗan guntun tsohon fushi.

Ki sa zanenki ranar Lahadi. In kin tashi, ki gode wa Ubangiji da ya tayar da marar lafiya, ya kuma ba ki ɗa nagari, ki tsaya nan. Mai cewa ya yi sanyi, ki yi mata murmushi ki wuce.

Sai abu na ƙarshe. A wasiƙarki na ga kin yi masa kuka, kin yi masa faɗa, amma ban ga inda kika ce masa kina alfahari da shi ba. Mutum ɗaya ne yake bukatar jin shaidar nan, kuma a gidanki yake kwana. Ki faɗa masa yau, ki ce ya ciro rigar nan daga akwati ya rera miki waƙa, kome muryar.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar miki shi.