Wayar da Ba a Sa Ba a Banɗakin Mahaifiyata

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Aikin Wayarin na Shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan ƙungiya baki ɗaya.

Sunana Rabi'atu, malamar firamare ce ni, ina zaune a Kinkinau. Na je ofishinku na kai ƙara, aka ba ni kujera da ruwan sanyi, aka ba ni haƙuri, shi ke nan magana ta mutu. Shi ya sa na rubuto a fili, inda kowa zai karanta.

Bara muka gyara gidan da mahaifinmu ya bar mana. Muka fitar wa mahaifiyarmu, Inna, da banɗaki a cikin ɗakinta, da tayil da hitar ruwa, saboda ruwan sanyi na tayar mata da ciwon gwiwa. Wayoyin gidan sun tsufa, muka ce a cire su duka a ja sababbi. Wanda ya yi aikin ɗan ƙungiyarku ne, katinku na rataye a wuyansa. Ba zan ambaci sunansa a nan ba, na riga na faɗa muku a ofis. Duk abin da ya ce a sayo mun sayo. Da ya gama sai ya danna makunni, ƙwai ya kama, fanka ta juya, ya ce aiki ya yi. Washegari masu filasta suka rufe bango.

Da damina ta yi nisa, Inna ta shiga alwalar La'asar, ba takalmi a ƙafarta, ƙasa a jiƙe. Tana kama kan famfo wuta ta fizge ta, ta maka ta da bango, ta karye a ƙugu. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma yanzu a zaune take salla, kuma wannan ya fi karayar ci mata rai. Ni ce nake ja mata kujera kan darduma.

Ranka ya daɗe, ga ƙorafina.

Na ɗaya. Mun kira injiniya mai lasisi ya fasa bangon a gabana. Waya biyu muka tarar. Ta ukun, mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda aikinta ta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa, babu ita. Ƙarfen da ake binnewa a haɗa ta da shi, babu shi a gidan kaf. Na'urar da ke katse wuta da kanta idan ta fara yoyo, ita ma babu. A bayan hitar kuwa, wayoyi ne aka murɗe aka naɗe da salatif, aka tura cikin bango ba bututu, damshi ya ci su. Ni ba ma'aikaciyar lantarki ba ce, amma ina da ido, kuma na ɗauki hoto. Waɗannan abubuwa ba ni na ƙirƙiro su ba, suna cikin ƙa'idar aikinku.

Na biyu. Kamawar ƙwai ba gwaji ba ce. Ɗan aji huɗu a makarantarmu yana haɗa batir da waya ƙwai ya kama, ba mu taɓa ba shi kwangilar gida ba. Amma da wannan gwajin ake sallamar gidaje a unguwanninmu, sannan a yi maza a shafe da siminti, mai gida yana murna aiki na sauri. Daga ranar ba wanda zai sake ganin abin da ke cikin bangon sai ya taɓa mutum.

Na uku, kuma shi ya fi ɓata mini rai. A ofishinku an ce mini tsautsayi ne. Wani dattijo ma ya ba ni shawara mu naɗe kan famfon da leda, mu riƙa shiga da silifas. Na ɗauka raini ne, sai da na tambayi maƙwabta na ji haka gidaje da yawa suke zaune. Wata ƙawata a Rigasa ta koya wa 'ya'yanta su fara taɓa famfo da bayan hannu kafin su kama, kuma tana faɗa tana dariya. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Sai dai wayar da ba a sa ba, mutum ne bai sa ta ba, kuma yana da suna.

Ban nemi diyya ba. Abin da nake roƙo shi ne ku hana a rufe bango sai wani ƙwararre, ba wanda ya yi aikin ba, ya duba ya gwada da na'ura. Banɗaki da kicin da injin rijiyar burtsatse kada a sallame su ba wayar ƙasa da na'urar katse wuta. Shi kuma mutumin naku ku dakatar da shi har ya koma gidajen da ya yi wa aiki a bincika su.

Wannan na ƙarshe yana da gaggawa. Mutumin nan aka bai wa wayarin sabon wurin alwala na masallacin layinmu, mai hita da injin ruwa. Ta gaban wurin nake wucewa zuwa makaranta, wayoyin suna nan a fili, kuma biyu kawai na gani, babu ta ƙasa. An riga an sauke yashin filasta a bakin ƙofa. Ka zo da kanka ka duba kafin masu filasta su kwaɓa, domin duk wanda zai zauna alwala a wurin, daga liman har yara, sai ya cire takalminsa.

Allah Ya yi maka jagora a shugabancin da ke wuyanka, Ya tsare gidanka daga irin abin da ya sami namu, Ya ba ka ikon isowa a kan lokaci.

Wassalam.

Rabi'atu, Kinkinau, Kaduna.