Farin Kakin Kwamena

Araba 'yata,

Fitarki kasuwa ke da wuya sai ga Laftana Essuman da matar kwamanda. Wai farin kakin faretin mijinki Kwamena suke so, da hularsa, za a ƙara masa girma ranar Juma'a in jirginsu ya dawo daga teku.

Na ce makullin akwatin kayansa yana hannunki. Ƙarya na yi, yana cikin gwangwanin shayi.

Maƙwabciyarmu ta ce in taka sannu in yi shiru, a bariki ba a tambaya. To, ni ba soja ba ce, kuma ni na haifi Kwamena. Shekara talatin ina koyarwa, na san muryar wanda ya haddace magana. Matar kwamandan nan ko sau ɗaya ba ta dubi idona ba.

Na tafi wurin mai kula da rediyon jirage. Tsohon ɗalibina ne, bai taɓa iya yi mini ƙarya ba. Na tambaye shi Kwamena, ya kasa ce mini yana raye.

In baƙin nan sun dawo, ko maɓalli kada ki ba su. Ki tambaye su: in ƙarin girma ne, me ya kawo tambayar da suka yi mini ta cocin da yake zuwa?

Surukarki,
Maame Efua