Lambarki da Ta Ƙi Rabuwa

Zuwa ga Malama Zinnira, ruwan farkon damina, inuwar tsamiya da tsakar rana, ƙanshin ƙasa bayan yayyafi, sanyin idon wannan malamin lissafi da furfura ta riga hankali zuwa kansa.

Kin tuna ranar bitar malamai a Kabo, da ruwa ya tsare mu a barandar aji? Kika karɓi birona, kika rubuta lambar wayarki a bangon littafina, kika ce in kira idan na isa Gwarzo lafiya. Na isa lafiya, Zinnira. Kira ne ban yi ba.

Da na buɗe littafin, sai na ga lambar ta ƙare da bakwai. Biyu ba ta raba ta, biyar ma haka. Na gwada uku, ta ƙi. Bakwai, sha ɗaya, sha uku, kowacce sai ta bar saura. Ashe ko tana cikin lambobin nan masu daraja, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya ko su kansu? Na ce ba zan kira ki hannu rabbana ba, sai na zo miki da hujja. Wace mace aka taɓa kai wa irin wannan toshi?

Idan aka cire sifilin farko, ta haura biliyan takwas. Kafin in tabbatar, sai na gwada ta da 'yan'uwanta kusan dubu tara. Goma nake yi kullum bayan la'asar, da biro, don na ga kwamfuta ba ta san darajarki ba. Wata uku ke nan, na yi ɗari tara, ba wadda ta shige ta. Na ma gano danginta: in an raba ta da huɗu, uku ke saura, irin waɗanda ba a haɗa murabba'i biyu, wato lamba sau kanta, a same su. Kai, wannan tsari! Wannan kamun kai!

Sai jiya na ji a ofishin malamai cewa ranar Juma'a za a ɗaura miki aure da Alhaji Jalo mai taki na Garo. An ce shi da ya samu lambar, dannawa kawai ya yi. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, wannan dabara ba ta zo mini ba.

Ga ni kamar gawo: damina ta sauka, kowane itace ya yi kore, ni ina zubar da ganye. Zan ce ki fasa? Da wane baki? Mutumin da aka ce ya kira ya zauna yana rabawa?

Abu ɗaya nake roƙo, hasken idona. Saura mini shekara biyu da 'yan watanni in gama. Don Allah, ko ya saya miki sabuwar waya, kada ki canja layi.

Naki, wanda ba zai ajiye biron ba muddin yana numfashi,
Ja'afar, Gwarzo